Yadda ake tantance fayil da SHA-256 kafin a sa shi a kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a Bauchi sun san wannan matsalar: a sauke Ubuntu, wani tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, ana fama da yankewar intanet, ko a kwafo shi a filashin wani, sai girkawa ta tsaya a tsakiya. Sau da yawa fayil ɗin ne ya lalace. Lambar tantancewa ta SHA-256, wato jerin haruffa da lambobi da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ita ke tona asirinsa, domin ko harafi ɗaya ya canza a cikin fayil ɗin, duk lambar sai ta sauya.

A Windows, buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni), shiga inda fayil ɗin yake da umarnin cd, ka rubuta wannan, ka sa sunan fayil ɗinka a madadin ubuntu.iso:

certutil -hashfile ubuntu.iso SHA256

Kada ka manta SHA256 na ƙarshe, in ba haka ba wata irin lamba ta daban mai suna SHA-1 zai fitar, mai haruffa 40, alhali SHA-256 na da 64. Idan sunan fayil na da tazara, saka shi cikin alamar zance. A PowerShell, wata tagar umarni ta Windows, Get-FileHash ubuntu.iso ya wadatar. A Linux sha256sum ne, a Mac kuma shasum -a 256.

Sai ka gwada lambar da ta fito da wadda ke cikin fayil ɗin SHA256SUMS a shafin Ubuntu kansa, ba wadda mai filashi ya ba ka ba. Manya ko ƙananan haruffa duk ɗaya ne, amma ka duba duka, ba farko da ƙarshe kaɗai ba. In sun saɓa, sake saukewa.

MD5, wani tsohon tsarin tantancewa, na iya gano lalacewa, amma ba ya hana mai niyyar cusa cuta a cikin fayil.