Darasi na Tara: Tsohon Irin Masara da Sabo

In damina ta gabato, rumfunan masu iri a kasuwar Funtua da ta Dandume sukan cika da ƙananan buhunan masara. Manomi ya saya ya shuka, goyo ya yi kyau. Baɗi ya ɗebi iri daga abin da ya girbe, sai gona ta fito wani kara dogo, wani gajere, amfani ya ragu. Ya ce an cuce shi. Sau da yawa ba cuta ba ce, iri mai aure ya saya, wanda dillalai ke kira haibirid, kuma haka halinsa yake.

Masara tana da namiji da mace a jikin kara ɗaya. Kan da ke fitowa can sama yana zubar da bununi, shi ne namijin. Gemun da ke leƙowa daga bakin goyo shi ne macen. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa, in bununi ya sauka a kansa. Shi ya sa in fari ya kama masara tana tsakiyar fitar da gemu, za ka ɓare ta ka tarar da giɓi a jikin totuwa.

Masu bincike sukan rufe kai da goyo da jakar takarda, su sa masara ta auri kanta, shuka bayan shuka, har sau shida ko bakwai. Abin da ke fitowa ɗan tsurut ne, ba ƙarfi, amma halinsa ba ya canzawa. Sai su haɗa irin waɗannan guda biyu da ba su da dangantaka. Ɗan da suka haifa ya fi iyayensa tsawo da ƙarfi da yawan ƙwaya, shi ake zubawa a buhu a sayar mana. Jikoki kuwa, wato irin da manomi ya ɗiba daga girbinsa ya sake shukawa, sai su watse, kowa ya ɗauko nasa hali.

To, ina ake samo iyayen? A nan gizo ke saƙa. Kamfani in ya dace da iyaye masu kyau, yakan yi ta juya su, har masarar ƙasa guda ta zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. A shekarar 1970 wata cutar ganye ta faɗa wa masarar Amurka, ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar, domin yawancin irin da aka shuka sun gaji rauni ɗaya ta wajen uwa. Abin da ya kayar da ɗaya, shi ya kayar da saura.

Maganin shi ne a koma wa masara iri-iri da ke hannun manoma. Asalin masara daga ƙasar Meziko ne, inda aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A can cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, take ajiye da samfurin masara wajen 28,000. A nan gida akwai cibiyoyin binciken noma: cibiyar IITA ta Ibadan da aka kafa a 1967, da cibiyar IAR ta Samaru a Zariya, mai fitar da irin da ake kira SAMMAZ. Masu binciken Ibadan har wata ciyawar daji ta Meziko, 'yar'uwar masara, suka aura wa masara don ta jure wuta-wuta, wadda duk manomin Katsina ya san ɓarnarta. Aikin ba na gaggawa ba ne. Tsohon iri yakan zo da alherinsa haɗe da aibinsa: ya yi tsawo har iska ta kwantar da shi, ko ya daɗe bai nuna ba. Sai an yi shekaru ana aurawa ana tacewa.

Na taɓa shiga madafar wata dattijuwa a ƙasar Bakori, na ga masara ɗaure da ɓawonta a saman murhu, hayaƙi ya mai da ita baƙa. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Irin mahaifina ne, ɗan nan. Ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ya kunyata ni." Ta ɓare guda, ƙwayoyin ƙanana masu tauri, fari da rawaya a cakuɗe. Raina ya sosu, don na san gidaje da yawa sun cinye nasu tun da irin buhu ya shigo. Ba na hana kowa sayen iri mai aure, mai halin taki ya saya, yana da riba. Amma a bar wa tsohon iri ko da kunya goma ne. Mutanen Daura, inda damina ta fi ta Funtua gajarta, ku kula musamman da wanda ke nuna da wuri.

Mai son ajiye iri ya shuka shi nesa da wata masara, kamar taku 300, domin iska tana ɗaukar bununi. Kada ya jira sai an tara girbi a tsakar gida. Ya shiga tsakiyar gona masara tana tsaye, ya zaɓi karan da bai kwanta ba, mai lafiyayyen ganye, wanda ɓawo ya rufe goyonsa ruf, ya ɗaura masa tsumma. Ya zaɓi da yawa, kamar 200, don in daga goyo biyar kawai ya ɗiba, irin zai raunana. Ya shanya har ƙwaya ta yi ƙas in an ciza, ya zuba a buhu mai leda ciki, ya ɗaure tam. In za ka sayi na kasuwa, tambayi mai rumfa: "Alhaji, wannan mai aure ne, ko ana maimaita shi?" Mai aure sabo ake saya kowace shekara. Wanda ake maimaitawa yakan kai damina uku kafin a sabunta.

Aikin gida: kowa ya nemo goyo ɗaya na tsohuwar masara daga gidansu ko maƙwabta. Ya rubuta sunan da ake kiranta, da launinta, da kwana nawa take yi kafin ta nuna. Ya ƙirga layukan ƙwayar da ke jikinta, ya rubuta lambar, ya zo da ita aji mako mai zuwa.