Yadda ake haɗa abincin kaji da shanu ba tare da gubar fumfuna ba

Duk wanda ya fara kiwo sai ya zo yana tambayata tiya nawa ta masara, tiya nawa ta waken suya, kamar a nan matsalar take. Wallahi ba a nan take ba. Ni a shekarata ta biyu buhu shida na masara mai arha na kwasa a ƙarshen damina ina murna na yi sa'a, ba a jima ba ƙwai ya ragu, 'yan tsaki suka tsaya cak ba girma, na yi ta zuba magani a ruwa a banza, sai da likitan dabbobi ya feɗe guda ɗaya ya nuna min hantar ta kumbura ta koɗe.

Aflatozin ake ce wa abin da ya jawo haka, guba ce da fumfuna ke fitarwa a jikin masara da gyaɗa. A Ingila aka gano ta bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Tarayyar Turai ba ta yarda ta wuce maikurogiram 20 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kilo ɗaya na kayan haɗin abinci ba, a haɗaɗɗen abincin shanun tatsa da 'yan tsaki kuwa 5 ne kacal, don saniya in ta ci yau to gobe gubar na cikin nononta, kuma dafawa ba ta kashe ta.

Mataki na farko wurin saye ne. Kar ka yarda da abin da ke bakin buhu, a soka maka ta tsakiya da ta gindi, ka shinshina. Masarar da ta farfashe ko ƙwari suka huda ko ta yi kore-kore ka bar musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Ni dai tunkuzar da ban san inda aka matse ta ba ba na saye, gara na ƙara kuɗi na sa waken suya.

Na biyu shanya, kuma a nan na faɗi don haka ku yi haƙuri zan daɗe. Ana so danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Mutane sai su ciza su ji ƙaras su ce ai ta bushe, haba, haƙori ba ma'auni ba ne. In ba ka da kuɗin na'urar auna danshi ka samu kwalba busasshiya, ka zuba masarar da gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka rufe ka girgiza ka ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba to da saura, mayar da ita rana. A kan tamfol za ka shanya ba a ƙasa ba, ba kuma a gefen titi ba, ka baza ta ba kauri kana juyawa, kafin magariba ka kwashe don raɓa tana mayar da aikin yini baya. Kuma kar ka ɗura ta a buhu da zafinta, gumi za ta yi a ciki, abin da ya kashe ni kenan.

Sai ajiya. Katako a ƙasa, buhu kar ya jingina da bango, wanda ya fara shiga sito shi zai fara fita. Buhun PICS, mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga, yana da tsada amma ya fi zuba fiya-fiya, irin maganin da ya sa Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Lalatacciyar masarar da ka tsince ka ware kar ka ce bari a ba awaki, binne ta. Abincin da ka niƙa ka haɗa kar ya wuce sati biyu, da damina ma ni sati ɗaya nake yi.

Na ƙarshe littafi. Ƙa'idar Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta 2004 kan ciyar da dabbobi tana so a iya bin sawun kowane kaya, to rubuta wurin wa ka saya da ranar da ya shigo. In sayarwa kake yi ka ɗebo samfuri daga buhuna da yawa ka kai gwaji, buhu ɗaya ba ya nuna komai.