Yadda Maijego da Maigida Za Su Samu Barci Idan Jariri Ya Mayar da Dare Rana

'Yata ta fari ta zo duniya ne a Garwa, arewacin Kamaru, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 da rana, da dare kuma bango ya yi ta amayo zafin da ya sha. Ana gama taron suna baƙi suka watse, sai na san abin da ake kira jego. Wani dare wajen ƙarfe uku ina zaune a kujera ina ba ta nono, barci ya sace ni. Na farka na tarar ta zame daga hannuna, fuskarta ta nutse tsakanin cinyata da hannun kujera. Allah ya tsare, ba abin da ya same ta, amma har gari ya waye jikina bai bar rawa ba. Da safe Inna ta dube ni ta ce, "Ke, barci ɓarawo ne. In ba ki ba shi haƙƙinsa ba, zai ƙwata a lokacin da ba ki so."

Tun daga ranar na daina neman dabarar da za ta sa jaririya ta kwana ba motsi, domin babu ita. Sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, amma guntu-guntu, awa biyu ko uku ya farka. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa yake neman sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Bai ma san dare daban, rana daban ba sai ya doshi wata biyu zuwa uku. Tunda haka ne, abin da za a gyara shi ne tsarin gidan, ta yadda uwa za ta samu barci mai tsawo ko da sau ɗaya ne a dare.

Mataki na farko, a raba daren tun kafin ya yi. Kada a bari sai yaro ya tsala kuka da tsakar dare sannan a fara tunanin wa zai tashi. Mu ga yadda muka yi. Bayan sallar isha'i nakan shayar da ita ta ƙoshi, in miƙa wa Inna ko maigida, in shiga ɗaki in ja ƙofa tun ƙarfe tara. Daga nan zuwa ƙarfe ɗaya na dare ba ni da wani aiki. In ta nemi nono a kawo mini ita, in ba ta a kwance, wanda ya kawo ta yana zaune yana kallo, ta gama ya ɗauke ta. Gyatsa, canza nafkin da jijjigawa duk nasa ne. Daga ƙarfe ɗaya zuwa asuba ni ce da ita, shi kuma ya kwanta. Bayan sallar asuba wani ya sake karɓarta in ƙara awa ɗaya.

Maigida, a nan da kai nake. Na san da safe za ka fita nema, ko kasuwa ce, ko gona, ko kan mashin kake wuni, kuma mai tuƙi da barci a ido haɗari ne ga kansa da wanda ya ɗauka. Shi ya sa rabon farkon dare ya fi dacewa da kai. Awannin da kake kaiwa a majalisa ana shan shayi har sha ɗaya, ka ba ɗanka su na 'yan watannin nan. Ɗaukar jinjiri a kafaɗa ana zagaya tsakar gida ba ya rage wa namiji komai. Al'adar tafiya gida wanka har a yi arba'in ma hikimarta ke nan: a samu hannuwa da yawa kewaye da maijego. Yau da aiki ya kai mutane Marwa, Gawundare ko Njamena nesa da dangi, in babu kaka a kusa, kai ne kakar.

Na biyu, a shirya makwancin yaro yadda za ki iya rufe ido ba fargaba. A nan zan daɗe, domin nan ne rai yake. A kwantar da shi rigingine, a kan bayansa, kowane barci, dare da rana, har ya shekara. Kwanciyar rub-da-ciki tana daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. Shimfiɗar ta zama mai ɗan tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, ba bargo mai kauri kusa da fuska. Mafi kyau ya samu ƙaramar katifarsa ko ɗan gadonsa dab da naki, inda hannunki zai kai ba sai kin miƙe tsaye ba.

Na san da yawanmu gado ɗaya muke kwana da jariri, kuma ba kowa ke da halin sayen wani ba. To, in haka ne, a kiyaye waɗannan. Kada ya kwanta tsakaninki da maigida, kuma kada yayyensa su hau gadon. A toshe duk wani rami tsakanin katifa da bango. Wanda ke shan taba, ko ya sha magani mai sa barci, kada ya kwana gado ɗaya da shi. Bakwaini da yaron da aka haifa ba nauyi su kam a ba su nasu wurin. Kujerar kushin kuwa, kin ji abin da ya same ni. In kin ji idonki na rufewa, gara ki koma shimfiɗa ki ba shi nono a kwance, bayan kin kawar da filo.

Gidan sauro dole ne, kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. A yankinmu zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙamari da damina zuwa bayanta kaɗan, kuma maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna rabawa da damina sai yaro ya kai wata 3 ake fara ba shi. Kafin nan gidan sauron ne garkuwarsa. Maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta a bar su a waje. Lokacin sanyin Disamba da Janairu kuma, don Allah kada a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Da zafi, riga ɗaya marar nauyi ta isa. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa: in yana gumi, a rage kaya, a cire hula.

Na uku, a koya masa bambancin dare da rana. Da hantsi a fito da shi inuwar rumfa ya ga haske, ya ji daka da surutun gida. Da dare a rage fitila, a yi magana ƙasa-ƙasa, ba wasa. Kowane dare a bi abu ɗaya: a goge masa jiki da ruwa mai ɗumi, a ba shi nono, a yi masa addu'a, a kwantar. Ki ajiye nafkin, tsumma, ruwan shanki da ƙaramar tocila a inda za ki laluba ki samu ko wuta ta ɗauke. Waya kuma a kife ta. Kina buɗe WhatsApp da ƙarfe biyu, yaro zai koma barci ya bar ki ido biyu.

Na huɗu, ki rama da rana. Bayan azahar, yana kwanciya ki kwanta, ko na rabin awa ne. Wanke-wanke zai jira, masu zuwa barka kuma Inna ko ƙanwarki ta tare su a zaure. Shayi mai kauri da goro a tsaya da su daga azahar, domin suna hana ki barci, kuma kaɗan daga abin da ke cikinsu yana bin nono ya kai ga yaro.

Sai kukan yamma, wanda ke fara wa wasu yara bayan la'asar ya kai tsakar dare. Yakan tsananta wajen sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu. A nan ne shawarwari ke yawa: wai ƙishi ne a ba shi ruwa, wai a ɗura masa jiƙo ko dauri, wai a lasa masa zuma, wai a sayo maganin mura a tebur ya sa shi barci. Ina girmama iyayenmu, amma wannan kam a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, kuma ko a zafin Afrilu nonon yana ɗauke da ruwan da yake buƙata, sai dai a yawaita ba shi. Zuma sai ya shekara. Maganin sa barci kuwa yana iya danne numfashin jariri. Abin da ke aiki shi ne a sa shi gyatsa, a rungume shi ƙirji da ƙirji, a yi ta tafiya a hankali. In ranki ya kai maƙura, ki kwantar da shi a makwancinsa, ki fita tsakar gida minti biyar ki sha ruwa, ko ki tashi wani. Kada a girgiza jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa.

Akwai kukan da ba a jiran gari ya waye a kansa. Yaron da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga, a tafi asibiti a daren. Tun da rana a san wane asibiti ne ke buɗe da dare, a ajiye lambar mai mashin ɗin unguwa da kuɗin mota a gefe.

Ke ma a duba ki. In yaro ya yi barci ke kin kasa, kuka na zuwar miki ba dalili, abinci ya fita ranki, kuma abin ya wuce sati biyu, wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne da ke kama mata da yawa bayan haihuwa, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa. Ranar da za ku kai yaro allurar rigakafi ta sati shida, ki ja ma'aikaciyar jinya gefe ki gaya mata yadda kike kwana. Maigida, ranar ka raka ta, ka riƙe yaron a waje har su gama magana.