Yadda Ake Ƙara wa Ƙarfe Tauri a Kuma Shirya Shi don Gwaji

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zai fara da gasa ƙarfe mai matsakaicin sinadarin kabon har zafinsa ya kai kimanin digiri 850 a ma'aunin Celsius, sannan ya tsoma shi cikin mai nan take, domin ruwa, ko da yake ya fi saurin sanyaya shi, yakan sa ya tsage. Ƙarfen zai fito da tauri amma da saurin karyewa, saboda haka a sake ɗumama shi tsakanin digiri 200 zuwa 600.

Wajen gwaji, a yanki ɗan guntu ana zuba masa ruwa, a goge shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙara goge shi da ƙyalle da hodar gogewa har ya yi sheƙi kamar madubi, a shafa masa nital (haɗin asid na nitric da alkohol mai fito da tsarin cikin ƙarfe), sannan a duba shi a maikuroskof.