Kurakuran 'yan dabon karta wajen taka rawa, da yadda ake gyara su

Masu koyon dabo da karta sukan shafe watanni suna horar da yatsunsu, amma da wuya su zauna su tsara irin mutumin da za su zama a gaban 'yan kallo. Tun a ƙarni na 19 Robert-Houdin na Faransa ya nuna cewa ɗan dabo ɗan wasan kwaikwayo ne da ke taka rawar mai sihiri, kuma galibin kurakurai daga yin sakaci da wannan suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne aron halin wani. Saurayi mai sanyin magana sai ya kalli Juan Tamariz na Sifaniya da ihunsa da barkwancinsa, ya ce lallai shi ma haka zai yi, alhali 'yan kallo suna gane rigar aro tun kafin a cakuɗa kartar. Gyaran shi ne mutum ya gina rawarsa a kan halin da ya riga ya mallaka, ya ɗan ƙara masa gishiri. Lennart Green na Suwidin, wanda ya lashe gasar dabo ta duniya ta FISM a fannin karta a 1991, yakan yi kamar marar iya riƙe karta, suna zubewa birjik a kan tebur, kuma a cikin wannan hargitsin yake ɓoye aikinsa. Cardini kuwa, ɗan dabon Birtaniya, ya fito ne a matsayin dattijon Bature da ya ɗan bugu, sanye da safar hannu, yana mamakin yadda katuna ke ɓullowa a yatsunsa.

Kuskure na biyu, wato bari jiki ya tona lokacin dabara, ya fi muni, a ganina. Idan lokacin ɗaga kati biyu a matsayin ɗaya ya zo, sai kafaɗa ta sandare, murya ta sarƙe, ido ya koma kan hannu, kuma duk inda idon ɗan dabo ya sauka nan 'yan kallo suke duba. Dai Vernon, fitaccen ɗan dabon karta haifaffen Kanada, ya yi ta jaddada yin komai cikin ɗabi'ar yau da kullum. Ka ɗauki bidiyon kanka da waya kana juya kati ɗaya tak, sannan ka maimaita na dabarar har ka kasa bambance su.

Akwai kuma masu kunyata wanda ya zaɓi kati domin a yi dariya. Wanda aka muzanta yakan daina jin daɗin wasan ya koma farautar asirinka, don haka gara ka miƙa masa kartar ya bayyana katin da hannunsa, tafin ya zama nasa.