Cire gidan harsashi bai isa ba

Jama'a, ga duk mai bindiga da lasisi: kafin ka goge ta ko ka adana ta, fara cire gidan harsashi, wato kwanson da ake jera harsasai a ciki, sannan ka ja saman bindigar mai zamewa baya ka leƙa makwancin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututun bindigar kafin a harba.

Kada ka sauya wannan jeri. In ka fara ja kafin ka cire gidan, harsashin ciki zai faɗo, amma wani zai hau ya maye gurbinsa. Kai kana ganin babu komai, alhali a ɗane take. Da yawan masu cewa "ai na zata babu harsashi" nan suka zame.

Ka duba da ido, ka kuma zura ɗan yatsa ka taɓa, musamman in haske ya yi ƙaranci. Wani lokaci ƙugiyar da ke fizgo harsashi takan kuskure, ya maƙale a ciki.

Duk wannan, bakin bindigar na kallon inda babu mutum, yatsanka nesa da kunama.

Amma fa dabarar ta masu gidan harsashi mai fita ce. Mai gidan harsashi mai juyawa da ta farauta mai bututun jera harsashi a ƙasa hanyarsu daban, sai mai horarwa ya nuna maka hannu da hannu.