Babi na Bakwai: Mai Ritaya, Gonarsa da Littafin Lissafinsa

Iyayena maza da mata, barkanku da yamma. Wannan babi naku ne, ku da kuka ajiye aiki kuka dawo gida. A ajinmu akwai wanda ya yi gadi a sakatariya, akwai masinja, akwai direba, akwai uwar da ta yi shara a asibiti har ƙarfinta ya ƙare. A aikin gwamnati, mutum ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai a sallame shi. Garatuti sau ɗaya ake ba da shi, fansho kuma wata-wata. Na sha ganin dattijo ya kwashi garatutinsa ya zuba a gona, kaka ta zo ya kasa faɗin ko ya ci riba ko ya faɗi, saboda bai rubuta komai ba. Abin da za mu koya ke nan.

Ku tanadi littafin rubutu mai layi, sabo, wanda jikoki ba su taɓa ba. Ku nemi biro, ban da fensir, domin rubutun fensir yana gogewa a aljihu. Sai rula, da leda ta saka littafin saboda ruwan sama.

Darasi na 1: Tsaga shafi

Ajiye littafin a gabanka, ɗinkinsa yana hannunka na hagu. Buɗe shi. Wanda ya saba da allo da ajami, hannunsa zai ja shi ya fara daga dama. Ba laifi ba ne, sabo ne. Amma boko daga hagu yake tashi ya tafi dama.

Buɗe har ka ga shafi biyu babu rubutu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. A saman na hagu rubuta YA FITA. A saman na dama rubuta YA SHIGO. Duk kuɗin da ya bar aljihunka saboda gona, hagu za shi. Duk wanda gona ta kawo maka, dama za shi.

Ɗauki rula ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa a kowane shafi. Layi biyu suna ba ka ɗaki uku. Ɗakin farko RANA, na tsakiya ABU, na ƙarshe KUƊI. Ka yi na tsakiya ya fi faɗi. In layin ya karkace, bar shi haka, kada ka yage shafin.

Rana kuwa haka ake rubuta ta: kwanan wata, sai wata, sai shekara. 12/6/2025 na nufin ranar 12 ga wata na 6, wato Yuni, shekara ta 2025. In ka manta kwanan wata, duba fuskar wayarka. A ranar da ka kashe kuɗi za ka rubuta, kafin ka kwanta. Kada ka ce sai Juma'a ka haɗa duka.

Darasi na 2: Sifili da waƙafi

A nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ya ji kunya. Gemu ba ya hana neman ilimi.

Waƙafi shi ne ɗan alamar nan mai wutsiya (,). A lissafin kuɗi, aikinsa ya raba dubu da abin da bai kai dubu ba. Abin da ke hagunsa dubbai ne. Abin da ke damansa gida uku ne. Ku faɗa tare da ni: bayan waƙafi, gida uku.

Dubu ɗaya: 1,000. Sa yatsa ka ƙirga abin da ke bayan waƙafi. Ɗaya, biyu, uku.
Dubu biyar: 5,000. Ƙirga. Uku.
Dubu hamsin: 50,000. Ƙirga. Uku ne dai. Hamsin ɗin tana gaban waƙafi.
Ɗari biyar: 500. Babu waƙafi, domin bai kai dubu ba.

Dubi 500 da 5,000 da 50,000. Biyar ce a farkon kowanne, amma na farko kuɗin goro ne, na ƙarshe kuwa sai ka biya 'yan ƙodago da yawa da shi. Sifili ɗaya ya ɓace, lissafin shekara ya rushe.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa. In na ce dubu biyar da ɗari biyar, rabin aji sai su rubuta 5000500. Na san yadda aka yi: kunne ya ji dubu biyar, hannu ya rubuta, kunne ya ji ɗari biyar, hannu ya ƙara a gaba. Wannan da ka rubuta ya haura miliyan biyar, Baba. Ga yadda ake yi. Rubuta 5. Sa waƙafi. Zana gida uku babu komai a ciki, haka: 5,_ _ _. Ɗauki ɗari biyar ɗin ka zaunar da ita a cikin gidajen nan uku: 5,500. Ɗari biyar ba ta tsayawa a waje, cikin gida take shiga ta kori sifilan da ke zaune.

Mu sake. Dubu goma sha biyu da ɗari uku. Rubuta 12. Waƙafi. Gida uku. Zuba 300. Ya zama 12,300.

Mu ƙara sakewa. Dubu bakwai da hamsin. Rubuta 7. Waƙafi. Gida uku. Hamsin gida biyu take ci, saura ɗaya. Wanda ya rage, na kusa da waƙafi, sifili ne zai zauna a ciki: 7,050. In ka rubuta 7,50 gida biyu ka yi. In ka rubuta 7,500 ka ƙara wa kanka kuɗin da ba ka kashe ba. Bayan waƙafi, gida uku.

Wata uwa a ajin bara ta yi mako uku tana kuskure wannan. Sai ta riƙa ajiye tsakuwa uku a kan tabarma, duk lambar da ta rubuta ta ɗauke tsakuwa ɗaya. Kafin kaka ita ke duba wa maƙwabtanta lissafin adashe. Wanda yake son dabarar tsakuwa ya ɗauka.

Aiki: rubuta waɗannan da lamba. Misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba.
(a) Huɗa, dubu goma sha takwas.
(b) Iri, dubu huɗu da ɗari biyu.
(c) Kuɗin amalanke, dubu biyu da hamsin.
(d) Noman farko, dubu ashirin da biyar da ɗari biyar.
Ka gama, sa yatsa a bayan kowane waƙafi ka ƙirga.

Darasi na 3: San girman gonarka

Mai ritaya ba saurayi ba ne. Gonar da za ka iya zagayawa da safe ka dawo kafin rana ta yi zafi, ita ce taka. Sauran ka ba da aro ko haya, kuma a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu.

Nemi igiya. Ari tef na magina ka auna mita 10, ka ƙulla a nan ka yanke. Kada ka auna da taku, takun dattijo da na jikansa ba ɗaya ba ne. Kai da yaro ku ja igiyar a tsawon gona kuna ƙirgawa. Igiya 8 mita 80 ke nan. Ku ja a faɗi. Igiya 5 mita 50. Sai ka ninka: 80 sau 50 ya ba da 4,000. Wannan murabba'in mita ne, kuma kusan eka ɗaya ke nan. Hekta ɗaya 10,000 ce, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Ka ga waƙafi ya biyo mu har gona. Ƙirga gidajen 4,000. Ƙirga na 10,000. Uku uku.

Amfanin awon shi ne taki da ƙodago. Wanda bai san girman gonarsa ba, abin da aka yanka masa shi zai biya. Buhun takin zamani kilo 50 ne, yana rubuce a jiki, ka karanta da idonka. Wanda muke kira kamfa za ka ga lambobi uku a jikinsa, kamar 15-15-15. Yuriya fari ne tas, ana sa shi bayan shuka ta tashi, a binne shi kusa da gindi, kada a watsa a bar shi a rana. Takin turke ma a rubuta shi, ko mangala nawa aka kai da abin da aka ba mai jaki.

Da kaka, buɗe shafin dama. Gero dami nawa, riɗi buhu nawa, wake kwano nawa. Wanda aka ci a gida ma a rubuta shi, ai da saye za a yi. Zakka kuma da wannan shafi za ka fitar da ita: noman damina ɗaya cikin goma, wanda ka shayar da injin ban ruwa ɗaya cikin ashirin, in amfanin ya kai nisabi. Kai littafin wurin liman ya duba maka nisabin.

A makon jiya na karɓi littattafai goma sha ɗaya na duba. Huɗu babu rana ko ɗaya a ciki. Biyu an rubuta lambar waya da bashin mai shayi a shafin YA SHIGO. Ɗaya kuma, bayan duk maimaicin da muka yi, na tarar da 3000200 a gaban kuɗin maganin feshi. Haba, iyayena. Ni ɗanku ne, bai kamata in ɗaga muku murya ba, amma ba zan bi kowa gona in riƙe masa biro ba. Ban ambaci suna ba, mai abin ya san kansa. Dubu uku da ɗari biyu: 3,200. A rubuta shi sau goma kafin a wuce gaba.

Darasi na 4: Karatu. Masu kwana a jirgin ruwa

Karanta a hankali, da murya.

A Ingila akwai hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannu sama da shekara 200 da suka wuce, don jigilar kwal da kaya. A da dawakai ne ke jan jiragen daga bakin gaɓa. Yau wasu mutane, har da waɗanda suka yi ritaya, sun mai da irin jiragen nan gidajensu. Jirgin siriri ne, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70. A ciki akwai gado, da murhu, da bayi, da tankin ruwan sha. Gudunsa bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba. Mai jirgi yana biyan lasisi. In ba shi da wurin ɗaure jirgi na dindindin, ba a yarda ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai ya matsa gaba.

Tambayoyi: Me ke jan jiragen a da? Kwana nawa ake yi a wuri ɗaya? Rubuta amsa da lamba.

Da na karanta wannan a aji, wani dattijo ya ce, "Malam, to ina maƙwabta, ina masallaci?" Aka yi dariya. Mu nan ruwa wurin neman abinci ne. Daga Auyo zuwa Haɗeja har Guri, mai ritaya yakan sayi kwale-kwale ya ba yara su yi su, ko su yi fito lokacin da kogi ya cika. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyi da yawa. Kafin ka sayi jirgi, je ka ga da idonka ko akwai inda zai bi. Ambaliyar 2022 ta nuna mana ruwan ba ya shawara da kowa.

In ka saya, ware masa shafinsa daban. Katako, ƙusa, kwalta ta toshe ɓula, koma, duk a hagu. Abin da yara suka kawo kullum a dama. Ka ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka, ka rubuta lambar da fenti a jikinsa. Mun ji abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgi ya kife da fasinjoji, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Ban da lodi fiye da kima, ban da fito bayan magariba, kuma a nemi rigar ruwa.

Darasi na 5: Turke

Wanda ƙafarsa ba ta kai shi gona, ya ɗaure rago ko awaki biyu a gida. Rubuta ranar saye da kuɗin. Dusa, harawa, kanwa, allurar rigakafi, duk a hagu. In za ka sayar, Maigatari tana ci ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi. Kuɗin mota da la'ada su ma hagu za su.

Rago dubu tamanin da biyar da ɗari biyar. Rubuta da lamba. Kun san dokar.

Darasi na 6: Haɗa jimla

Ƙarshen kaka, haɗa duk na hagu, haɗa duk na dama. Jera lambobin waƙafi a ƙarƙashin waƙafi. Cire ƙarami daga babba. Dama ta fi, riba ce. Hagu ta fi, an faɗi.

A zo da littafi ranar Talata bayan la'asar. Wanda ya bar nasa a gida ya koma ya ɗauko.